Transmitoci Marasa Waya a Filin Tankunan Mai: Abin da Ya Hana a Karɓi Tara Daga Cikin Ashirin da Huɗu

Ma'ajiyar man da ake magana a kanta tana cikin ɗaya daga ƙasashen Tarayyar Turai, da tankunan ƙarfe takwas na fetur da dizal, kowanne a cikin katangarsa ta tare malala. Ba a kama sunan wuri ko na kamfani ba, domin misali ne da aka haɗa daga kurakuran da ake yawan tararwa a irin wannan aiki. Dokoki da lambobin ƙa'idoji da iyakokin da aka kawo kuwa na gaske ne, su ake aiki da su.

Masu ma'ajiyar sun so ƙarin ido a kan tankunan: transmita, wato na'ura mai yin awo ta aika sakamakon, guda goma sha shida na auna matsi da tsayin mai, da takwas na auna zafi. Jan waya zuwa kowane tanki yana nufin haƙa rami a wurin da tururin mai ke yawo, da takardar izinin aiki kowace safiya, da tsayar da lodi. Sai aka zaɓi na'urori masu aiki da WirelessHART, wato ƙa'idar IEC 62591. Suna magana a zangon 2.4 GHz a kan tashoshi 15, kowace tana ɗauke da batirinta, tana kuma miƙa saƙon maƙwabciyarta gaba har ya isa matattara guda da aka kafa a saman ɗakin kula. Ɗan kwangila ya gama ɗaurawa, duk ashirin da huɗun suka bayyana a allon kwamfuta. Da mai duba kayan wuraren fashewa ya zo binciken farko, wanda IEC 60079-14, ƙa'idar ɗaura kayan lantarki a irin waɗannan wurare, ta wajabta kafin a fara amfani, sai ya sa hannu a kan goma sha biyar, ya ƙi tara. Huɗu an canza musu eriya, uku an canza musu batir, biyu ba su da shaidar da dokar Turai ta sani. Dukkansu suna auna daidai, suna aika saƙo lafiya lau. Abin da ya kayar da su yana kan takarda, kuma bayan kowace takarda akwai wani haɗari na zahiri.

Abin da allon shaida ke faɗa

A jikin transmitocin da suka wuce akwai ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da alamar CE da lambobi huɗu a gefenta, sai alamar Ex a cikin zane mai kusurwa shida, sai wannan layi: II 1 G Ex ia IIC T4 Ga. Lambobi huɗun na hukumar da ke sa ido a kan yadda ake ƙera na'urar ne. II na nufin masana'antar saman ƙasa, ban da ramin haƙar kwal. 1 G da Ga suna nufin ta dace da Shiyya ta 0, inda tururi mai kamawa yake nan kullum ko na dogon lokaci, kamar sararin da ke saman mai a cikin tanki. Shiyya ta 1 ita ce inda ake sa ran tururin lokaci-lokaci a aikin yau da kullum, kamar kewayen bututun shaƙar iska a kan rufi. Shiyya ta 2 kuwa sai an sami matsala, kuma ba ya daɗewa. Harafan ia suna nufin an ƙayyade kuzarin da ke cikin da'irar wutar ta yadda ko kurakurai biyu sun afku a tare, tartsatsin da zai fita ba zai kunna tururi ba.

IIC shi ne rukunin gas mafi saurin kamawa, irin su haidirojin da asetilin, kuma na'urar da ta ci wannan ta ci IIB da IIA. Fetur yana IIA. T4 alkawari ne cewa babu inda jikin na'urar zai wuce digiri 135 na Salshiyas. A nan mutane da yawa suke juya lissafi: yadda lambar T take hawa, haka zafin yake sauka, T3 digiri 200 ne, T6 digiri 85. Fetur yana buƙatar T3, saboda haka T4 ta wadatar har da rara. Sai a duba iyakar zafin muhalli da aka rubuta. Idan ba a rubuta komai ba, ƙa'ida ta ɗauka daga digiri 20 ƙasa da sifili zuwa 40 ne kawai, kuma rufin tankin ƙarfe a tsakar rana yana iya wuce haka.

Alamar CE ɗaya ce, amma dokoki biyu ne a ƙarƙashinta. Ta farko ATEX, 2014/34/EU, mai tambayar ko na'urar za ta iya tayar da gobara. Ta biyu dokar kayan rediyo, 2014/53/EU, mai tambayar ko tana amfani da zangon rediyo yadda aka yarda, ko tana damun wasu na'urori, ko tana cutar da mutum. Takardar ikirarin cika ƙa'ida da mai ƙerawa ya sa wa hannu dole ta ambaci duka biyun. Abu na ƙarshe, wanda shi ne ya fi tasiri a wannan lamari, harafin X ne a ƙarshen lambar satifiket. X na nufin akwai sharuɗɗan amfani na musamman da aka rubuta a cikin satifiket ɗin, kuma shaidar tana tsaye ne muddin ana bin su. Ɗan kwangilar ya karanta allon, bai buɗe satifiket ba.

Eriya huɗu

Tankuna biyu na can ƙarshen fili suna bayan wasu tankunan, kuma ƙarfe ba ya barin siginar 2.4 GHz ta ratsa. Transmitoci huɗu da ke wajen suna shiga suna fita daga sadarwa. Ɗan kwangilar ya kwance gajeriyar eriyarsu ta asali mai ƙarin ƙarfi 2 dBi (ma'aunin yadda eriya ke tattara sigina), ya ɗaura shimfiɗaɗɗiyar eriya mai fuskar roba, santimita 12 a kowane gefe, mai 8 dBi, a kan sanda, ya haɗa ta da kebul mita biyar da makarin tsawa a tsakani. Sigina ta dawo nan take.

Ga lissafin. Rediyon na'urar yana fitar da 7.5 dBm, wato ma'aunin ƙarfin sigina. Da eriyar asali, abin da ke fita sarari 9.5 dBm ne, kusan miliwat 9. Da sabuwar, a ƙara 8, a cire 1.1 da kebul ya ci (irin mai kaurin milimita 10 yana cin kusan 0.22 dB a kowace mita a wannan zango), a cire kusan 0.5 na makarin tsawa. Ya zama 13.9 dBm, kusan miliwat 25.

Hujjar ɗan kwangilar ita ce miliwat 25 ba zai kunna komai ba, kuma a wannan gaɓa gaskiyarsa ce. IEC 60079-0 ta sa iyakar ƙarfin rediyo a wat 6 ga rukunin IIA, wat 3.5 ga IIB, wat 2 ga IIC. Ya ƙara da cewa iyakar Turai a wannan zango 20 dBm ce, miliwat 100, kuma bai kai ba. Wannan ma haka ne, sai dai ba ita kaɗai ce iyaka ba. A cikin EN 300 328, ƙa'idar Turai ta kayan rediyon wannan zango, na'urar da ƙarfinta bai kai 10 dBm ba an ɗauke mata wasu wajibai na raba zango da sauran masu amfani. Da ta haura, sai ko dai ta riƙa saurarawa kafin ta yi magana, ko ta tsaya cikin ƙayyadadden kason lokacin da aka ba ta a iska. Mai ƙerawa ya tsayar da ita a 9.5 da gangan, an gwada ta a haka, an rubuta eriyoyin da aka gwada da su. Da sabuwar eriya ta koma rukunin da ba a taɓa gwada ta a cikinsa ba, kuma ikirarin mai ƙerawa bai rufe wannan haɗin ba.

Ɓangaren fashewa ya fi wannan nauyi. Fuskar roba mai santimita 12 sau 12 ta kai milimita murabba'i 14,400. Roba tana tara cajin gogayya idan iska mai ƙura ta buge ta ko aka goge ta da busasshen tsumma, shi ya sa ƙa'ida ta ƙayyade faɗin robar da ba ta zubar da caji: milimita murabba'i 10,000 ga IIA a Shiyya ta 1, sai 2,000 kacal ga IIC. Eriyar tana tsaye mita ɗaya da rabi daga bututun shaƙar iska, cikin Shiyya ta 1, ba ta da wata shaida tata. Tururin fetur yana kamawa da kuzarin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na milijul ba, ƙasa da ɗan tartsatsin da mutum yake ji a yatsa idan ya taɓa ƙarfe. Kebul ɗin ma ya shigo da abin da ba a lissafa ba lokacin gwajin ia: dogon ƙarfe a sarari mai iya ɗauko bugun tsawa, da sabuwar hanyar haɗuwa da ƙasa. Ga kuma mahaɗin da aka ɗaura a gurbin eriyar asali ba shi da zoben roba mai hana ruwa, wato matsayin IP66 na akwatin, na hana ƙura da ruwa shiga, ya tafi. Da mai duban ya buɗe murfin ɗaya daga ciki, akwai raɓa a gefen allon lantarki.

Ko ta fuskar sadarwa gyaran bai yi kyau ba. Shimfiɗaɗɗiyar eriya gefe ɗaya take kallo. Transmitocin huɗu sun sami matattara kai tsaye amma sun daina jin maƙwabtansu, sai kowace ta rataya a kan hanya guda. Ranar da motar ɗaga kaya ta tsaya a tsakani, duk za su ɓace.

Maganin da aka yi bai taɓa ko ɗaya daga satifiket ba. An mayar da eriyoyin asali, an ƙaro transmita biyu iri ɗaya da sauran don su yi aikin miƙa saƙo kawai, aka ɗaura su a saman matattakalar tankunan tsakiya inda suke hango ɓangarorin biyu. Masu tsara irin wannan sadarwa suna neman kowace na'ura ta sami maƙwabta uku aƙalla, kuma biyar aƙalla su riƙa jin matattara kai tsaye. Tsayi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato: tsakanin eriya biyu masu nisan mita 100, siginar tana buƙatar sarari mai faɗin kusan mita 1.8 ta kowane gefe a tsakiyar hanya, kuma ana son fiye da rabinsa ya zama babu shinge. Ganin eriya da ido ta saman bututu bai isa ba. Inda ake buƙatar eriya mai nisa da gaske, masu ƙerawa suna sayar da haɗin da aka gwada tare, eriya da kebul da makari, kuma lambarsa tana cikin satifiket.

Batir uku

Wannan ne kuskuren da ya fi tayar da hankali, kuma ya faro ne daga sito. Transmitoci uku an sa musu batir tun ranar da suka iso don a gwada su, aka mayar da su kwali ba a cire ba. Na'urar da ke kunne ba ta sami sadarwar da za ta shiga ba tana ta nema, rediyonta a buɗe, kuma wannan yana cin batir fiye da aikin yau da kullum nesa ba kusa ba. Wata biyar suna haka. Batirin da masu ƙerawa sukan ce zai kai shekara goma idan ana aika awo sau ɗaya a minti, ya iso fili a gajiye.

Sabon batir bai zo da wuri ba, kuma akwai dalili. Ƙwayoyin litiyam ne na nau'in tayonil kulorayid, bolt 3.6 kowace ɗaya. A dokar sufuri kaya ne masu haɗari na aji 9, lambarsu UN 3090, dole su ci gwajin UN 38.3, kuma tun 2015 ba a ɗaukar su a matsayin kaya a jirgin fasinja. Sassaucin da ake yi wa ƙananan batura ya tsaya a giram 1 na litiyam a ƙwaya, manyan ƙwayoyin transmita kuwa sun ninka haka. Da jira ya yi tsawo, ɗan kwangilar ya sayo ƙwayoyi masu girma ɗaya da bolt ɗaya, ya haɗa biyu-biyu da waya, ya naɗe da tef, ya cusa a gurbin.

Bolt ya yi daidai, 7.2, na'urar ta tashi. Amma batirin asali ya wuce ƙwayoyi biyu a cikin kwanso. A cikinsa akwai abin ƙayyade ƙarfin wutar da za ta iya fita, an zuba masa ƙaro ya daskare yadda ba abin da zai motsa ko ya taɓa wani, kuma bakinsa an yi shi yadda ba zai shiga a juye ba. An gwada ƙwayoyinsa ta hanyar haɗe bakinsu biyu, aka auna zafin da suka kai, aka duba ko sun zubar da ruwa, kamar yadda IEC 60079-11 ta tanada. Saboda wannan ne satifiket ya yarda a cire shi a sa wani a tsakiyar Shiyya ta 1 ba tare da an kwashe tururi ba. Ƙwaya tsirara ba ta da ko ɗaya. Idan tef ya saki wayoyin suka haɗu, wutar da za ta gudana ta isa ta yi tartsatsi, ƙwayar kuma ta yi zafin da ya wuce alkawarin T4. Sharaɗi na farko a ƙarƙashin X ya ambaci lambar batirin da aka yarda da shi, shi kaɗai. Daga lokacin da aka sa wani, harafan ia da ke jikin allon ba su da ma'ana, kuma waɗannan ukun suna kan rufin tankin fetur.

Ba a cire ƙwayoyin a wurin ba. An auna iska da na'urar shinshinar gas, aka kwance transmitocin gaba ɗaya a rufe, aka kai su wajen shiyya kafin a buɗe murfi. Sauran sharuɗɗan X ɗin ma sai a lokacin aka karanta wa ma'aikata: a goge eriya da murfin roba da jiƙaƙƙen tsumma kawai, kuma a kare akwatin alminiyam daga bugu ko gogayya da ƙarfe idan yana Shiyya ta 0, domin alminiyam da tsatsa suna ba da tartsatsi mai zafi.

Biyu daga Amurka

Waɗannan ragowar wani aiki ne na reshen kamfanin a Amurka, sababbi a kwalinsu. Allonsu yana ɗauke da lambar FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, da shaidar Aji na I, Sashe na 1, tsarin da ake bi a can. Babu CE, babu alamar Ex ta Turai. Mai yiwuwa cikinsu ɗaya ne da na sauran, amma mai dubawa ba ya sa hannu a kan mai yiwuwa. Kayan da suka shigo Tarayyar daga waje a karon farko, sababbi ko tsofaffi, dole su cika ATEX kafin a fara amfani da su, kuma nauyin yana kan wanda ya shigo da su. Ko satifiket na IECEx, tsarin shaidar kayan wuraren fashewa na ƙasa da ƙasa, wanda ƙasashe da yawa suke karɓa kuma ƙa'idojin gwajinsa kusan ɗaya ne, ba ya zama madadin na ATEX a doka, sai dai rahoton gwajinsa ya sauƙaƙa samun na Turai.

Ta ɓangaren rediyo ma akwai rata. Sashe na 15.247 na dokar FCC ya yarda da wat 1 daga rediyo, da eriya har 6 dBi ba tare da rage ƙarfi ba, abin da ya ninka iyakar Turai sau da yawa. Na'urar da aka saita wa kasuwar Amurka tana iya fitar da abin da ya halatta can ya haramta nan. An ma yi sa'a waɗannan na 2.4 GHz ne. Da na zangon 902 zuwa 928 MHz ne, wanda ba ya buƙatar lasisi a Amurka, da sun hau kan zangon wayar salula a Turai. An mayar da su, aka yi odar biyu masu lambar zaɓin ATEX. A takardar oda bambancin haruffa biyu ne a cikin doguwar lambar samfuri.

Abin da mai duban ya hango a zane

Wannan bai shafi taran ba. A zanen aikin an nuna siginar tsayin mai daga transmitocin za ta riƙa rufe bawul ɗin shigar mai idan tanki ya kusa cika. Shaidar Ex ta ce na'urar ba za ta kunna wuta ba. Ba ta ce komai a kan ko za a dogara da ita ta hana ambaliya ba, wannan hurumin IEC 61508 da IEC 61511 ne, da lissafin matakin SIL, wato gwargwadon yadda za a dogara da kariyar, na dukan da'irar daga ma'auni zuwa bawul. Transmita mai aika awo sau ɗaya a minti, ta hanyar maƙwabta biyu ko uku, da batir mai ƙarewa, ba a gina ta don wannan ba. Masu aikin tankuna ba su manta da Buncefield ta Ingila ba, ranar 11 ga Disamba 2005, inda ma'aunin tsayin mai ya maƙale, makunnin kariya mai zaman kansa shi ma bai yi aiki ba, fetur ya malalo ta saman tanki har tururinsa ya fashe. An gyara zanen: makunnin cikar tanki mai waya, mai zaman kansa, shi ke rufe bawul, marasa wayar kuma suna ba ɗakin kula awo na biyu don a gane idan na farko ya maƙale. A wannan matsayi suna da amfani ƙwarai.

Kafin a rufe fayil

An haɗa wa kowace transmita takardunta: satifiket na ATEX cikakke har da shafin sharuɗɗa, ikirarin cika ƙa'ida mai ambaton dokokin biyu, lambar batir da ranar da aka sa shi, lambar eriya, da shiyyar da take ciki a zanen rabon shiyyoyi. An sabunta kundin kariya daga fashewa da dokar 1999/92/EC ta ɗora wa mai wurin aiki. An canza lambar sadarwa da mabuɗin shiga daga waɗanda suka zo da su daga masana'anta, domin ɓoye saƙo da AES-128 ba ya tsare komai idan mabuɗin yana cikin littafin da kowa ke iya saukewa. Tun 1 ga Agusta 2025 dokar kayan rediyo ta ƙara sharuɗɗan tsaron intanet ga na'urorin da ke iya haɗuwa da intanet, saboda haka an nemi mai sayar da matattarar ya nuna matsayinta a rubuce.

Binciken lokaci-lokaci a ƙarƙashin IEC 60079-17 bai kamata ya wuce shekara uku ba sai da shawarar ƙwararre. A takardar binciken wannan ma'ajiya an ƙara layuka uku da babu su a ta kayan waya: eriyar da ke jiki ita ce ta cikin satifiket, batirin da ke ciki lambarsa ta dace, zoben murfin batir bai tsage ba. Transmitoci biyu masu miƙa saƙo an sa su a jadawalin canjin batir na daban, domin suna ɗaukar saƙon na'urori huɗu, kuma za su riga sauran ƙarewa. An ajiye batir huɗu na asali a sito, a wuri mai sanyi, ba a jikin kowace na'ura ba.